Marlys Mai Banda da Tumatirin Dwight

Taubashiyata Marlys Ruona da faɗa ta zo duniya. Goggo Aili, uwarta, yayar babana, ta sha ba mu labari cewa ranar da aka haife ta ba kuka ta yi ba, ƙorafi ta yi, sai da ungozoma ta ba ta haƙuri sannan aka samu aka yi mata wanka. Ni ban ga wannan ba, don ta girme ni da shekara biyu, amma abin da na gani daga baya ya sa ban taɓa musa wa Goggo ba. Tana da shekara tara ta tunkuɗa ni cikin tafki a watan Mayu, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, don kawai na ce kitsonta ya yi kama da igiyar ɗaure jirgi. Shekarata sittin da ɗaya yanzu, kuma duk atishawar da na yi ragowar wannan ranar ce.

A nan Tamarack Bay ba mai kiranta da sunan miji ko na uba. Marlys mai banda, shi ke nan. Mahaifinta Arvid masunci ne, yana da ɗakin banda na katako a bayan gida, baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, kuma a cikinsa ta girma. Sa'o'inta suna koyon rawa, ita tana koyon yawan gishirin da farin kifi ke sha kafin a rataye shi, da irin itacen da ke ba shi launin zuma. Ni a aji tara na yi wa makaranta sallama, ita ta gama sakandare, kuma shekara arba'in da biyar ke nan tana tuna mini. In na yi magana cikin mutane sai ta ce a yi mini uzuri, Gordy bai kai wurin a littafi ba. Ni kuma in ce shi ya sa har yanzu nake da fara'a.

Ta auri Lyle Ruona, mutumin kirki mai magana sau biyu a mako. Sun yi shekara talatin tare, ya rasu shekara takwas da suka wuce. Likita ya ce zuciya ce. Ni na ce hutu ya tafi, ta ji ni, ta hana ni kifi wata huɗu. Amma har yau rigarsa ta ruwan sama tana rataye a ƙofar ɗakin banda, kuma duk wanda ya taɓa ta ya shiga uku.

Kasuwar Asabar tamu tana ci daga Mayu zuwa Oktoba, a filin bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Rumfa ashirin da biyu ce a layi ɗaya, daga bakin titi har gaɓar tafki. Rumfa ta ɗaya, wadda ke bakin ƙofa, ta gidan Arvid ce tun ranar da aka buɗe kasuwar. Da ƙafarsa ta gaza Marlys ta karɓa, kuma shekara talatin da huɗu ba ta yi fashin Asabar ɗaya ba, har da wadda aka cire mata haƙori da safe. Duk baƙon da ya sauko daga mota ita yake fara gani, kuma a wata shidan nan take tara abin da zai riƙe ta har ƙarshen hunturu. Dokar ƙungiyar 'yan kasuwar a fili take: wanda ya riƙe rumfa bara shi ke da ita bana, muddin ya sabunta kafin ɗaya ga Maris. In ya yi sake, rumfar ta koma hannun na farko a jerin masu jira. A da sabuntawar ba wani aiki ba ne. Takarda ce ake ajiyewa a kan kantar shagon ƙusa, ka zo sayen shebur, ka sa hannu, ka yi gaba.

Sai ciwon suga ya taɓa mata ido. Ba makancewa ta yi ba, kada ma ka faɗi kalmar inda za ta ji. Tsakiyar ganinta ne ya dushe, gefe da gefe yana nan. Tana gane ni daga nesa da irin tafiyata, ta fara zagina tun kafin in iso, amma ba ta iya karanta abin da ke jikin gwangwanin wake. Ta daina tuƙi bayan ta ajiye mota a cikin furannin coci. Ita ta ce taya ɗaya ce ta hau, ni na ce sai da fasto ya leƙo ta taga ya tambaye ta ko da motar za ta shiga ibada. Wata mata daga ƙungiyar masu larurar gani ta zo ta saita mata kwamfuta yadda komai zai ninka huɗu, harafi ɗaya ya kai kan kifi. Ba ta taɓa linzamin kwamfutar, don 'yar kibiyar ɓace mata take yi. Da madannai take tafiya, tana tsallakawa daga akwati zuwa akwati. Da haka take odar gishiri da itace, da haka take sabunta lasisin sayar da abinci, ita kaɗai. Na taɓa ɗaukar wasiƙarta zan karanta mata, ta make ni da kifi guda a ƙeya. Ta ce ranar da ta buƙaci ɗan aji tara ya karanta mata wasiƙa, a kira mai haƙa kabari.

Bara ne Dwight Pelkey ya zama sakataren ƙungiya. Tsohon mai tallar inshora ne, ya yi ritaya ya baro birni ya zo nan yana kiwon zuma, kuma shi kaɗai ne mutumin da na taɓa gani yana goge takalmin shiga ƙanƙara. Da hawansa ya ce zamanin takarda ya wuce. Ya yi wata uku yana gina wa kasuwa shafin intanet, a kan wata kwamfuta mai gilashi kamar ƙofar gareji. A saman shafin ya ɗora wani faffaɗan tambari mai hoton tafki da sunan kasuwa da sunan shagon tayar da ya ɗauki nauyin aikin. A ƙasa ya shimfiɗa wata ɗamara mai roƙon adireshinka don a riƙa aiko maka da labarai. A kusurwar dama kuma ya dasa wani tumatir mai ido da haƙora, yana murmushi, yana tambaya ko zai iya taimaka maka. Dukansu uku a manne suke da gilashi. Ka gangara ƙasa suna nan, ka hau sama suna nan, rubutun ne kawai ke wucewa ta bayansu. Dwight ya ce da gangan ya yi haka, don kada mutum ya manta inda yake. A kwamfutarsa abin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, kowanne ɗan siriri a gefensa.

A ta Marlys kuwa su ma sun ninka huɗu. Tambarin ya cinye rabin gilashin, ɗamarar ta kwashe kusan duk abin da ya rage, tumatirin ya zama ƙaton kabewa ya zauna a kan saura. Wurin karatun da aka bar mata bai fi faɗin yatsa biyu ba, kamar mai leƙen gida ta ramin zura wasiƙa. In ta danna ta tsallaka akwati na gaba, sai akwatin ya shige ƙarƙashin tambari ko ɗamara, ta riƙa rubutu ba ta ganin inda take rubutawa.

Wata Talata a Fabrairu na je kwashe mata ƙanƙarar ƙofar gida da akori-kurata, na riƙa jiyo zagi daga kicin duk da ƙarar inji. Na shiga na tarar da ita hanci a jikin gilashi.

"Zo ka gaisa da ɗan'uwanka," ta ce, tana nuna tumatirin. "Kamarku ɗaya. Haƙora a waje, amfani babu."

Na ce ta ba ni minti biyu in cike mata fom ɗin a wayata. Ta ce in hannuna ya gaji da zama a jikina in gwada. Ta ɗauki tarho ta kira Dwight, ina tsaye ina ji. Ya ce mata a wurinsa shafin yana aiki lafiya lau, kuma mutum goma sha tara sun cike ba wanda ya yi ƙorafi. Ya ce ta gwada rage girman rubutun. Ta tambaye shi ko in tana iya karanta ƙaramin rubutu za ta ɓata safiyarta wajen jin muryarsa. Sai ya sassauta murya irin ta masu magana da marar lafiya, ya ce kada ta damu, Misis Ruona, ta sa wani ya kawo ta gidansa ya cike mata da kansa. Yadda ta kifa tarhon, sai da kofuna suka yi ƙara a kan kanta.

Kwana uku ta yi a kan fom ɗin nan. Tunda ba ta ganin akwatunan, sai ta koma ƙirga dannawa. Ta samo kwali da ƙaton alƙalamin rubuta farashi, tana rubutawa: danna uku, suna, danna ɗaya, adireshi, danna biyu, irin kayan da kake sayarwa. In ta ɓata ƙirga ta koma farko. Ran Juma'a da hantsi ta aika, shafin ya ce an gode. Ta kira ni musamman don in zo in ji ta yi. Ta ba ni kofi da burodi mai zaƙi har yanka biyu, abin da bai taɓa faruwa ba tun bikin aurenta, ta ce in na haɗu da Dwight in ce tana gaida tumatirinsa.

Ashe a can ƙarshen fom ɗin akwai wani ɗan akwati da za ka sa wa alama in tsohuwar rumfarka kake sabuntawa. A gilashinta akwatin yana kwance a ƙarƙashin ɗamarar nan ta ƙasa. Da ƙirgarta ta kai kansa, abin da idonta ya gani shi ne rubutun neman adireshi, ta ɗauka na labarai ne, ta tsallake. Ba alama, sai shafin ya jera ta cikin sababbin masu nema.

Ran huɗu ga Maris wasiƙa ta zo. An ba Renata Olstad, mai sabulun ƙamshi, rumfa ta ɗaya. Marlys ita ce ta goma sha huɗu a jerin masu jira. Na je na same ta zaune a bakin ɗakin banda, gilashin ƙara girman rubutu a cinya, wasiƙar a hannu. Ba zagi, ba tsaki. Ni da na saba da tsawa, shirun nan ya fi tsorata ni. Na zauna a kan itace kusa da ita.

"Shekara talatin da huɗu, Gordy," ta ce. Ta ninke wasiƙar huɗu. "Tashi ka ɗauko mini murfin kwalin kifi guda biyu, da murfin bokitin gishiri."

Murfin bokitin nan ni ta sa na zana wa tumatir da jan alƙalami, har da haƙora. Ya fi kama da kare, amma ta ce haka ma ya fi.

Kwamitin ƙungiya yana zama Asabar ta biyu a kowane wata, da safe, a ɗakin ƙasa na coci. Mutum bakwai ne ban da 'yan kasuwar da ke zuwa saurare, shugabarsu Ardis Sundquist mai ƙwai, tsohuwa mai shekara saba'in da ba ta dariya sai kaza ta yi abin dariya. Al'adar zaman ita ce sakatare ya miƙe ya karanta bayanin zaman da ya wuce daga farko har ƙarshe, kuma ba abin da Dwight ke so a duniya kamar wannan. Yakan gyara murya sau uku, ya riƙe takarda nesa da ƙirji kamar mai karanta hukuncin kotu.

Ya kai layi na biyu sai Marlys ta tashi daga kujerar baya, ni ina biye. Ta ɗora kwali ɗaya ta rufe rabin takardar na sama, ta ɗora ɗayan ta rufe na ƙasa, ta bar masa faɗin yatsa biyu. Ni kuma na kafa murfin bokiti a kusurwar dama. Ya ɗaga takardar sama, muka ɗaga. Ya juya wajen taga, muka zagaya tare da shi. Ya matsa baya har ya bugi tukunyar kofi, muna manne. Kamar yadda aka umarce ni, duk bayan numfashi biyu sai in ƙanƙance murya in ce, "Ko zan iya taimaka maka?"

Wuyansa ya yi ja har kunne. "Misis Ruona, wannan cin mutunci ne."

"A wurina yana aiki lafiya lau, Mista Pelkey," ta ce. "Mutum goma sha tara suna zaune ba wanda ya yi ƙorafi sai kai. Ci gaba."

Ya kalli Ardis yana neman ceto. Ardis ta kurɓi kofi ta ce masa zama ba ya buɗuwa sai an karanta bayani, ya karanta. Haka ya riƙa jan takardar ta cikin tsagar nan layi-layi, yana in'ina, gumi na ɗiga a kan goggen takalminsa. Da ya kai ƙarshe Ardis ta duba tata takardar, ta ce ya tsallake batu na huɗu gaba ɗaya, na wanda zai kawo banɗakin haya.

Marlys ta sauke kwalayen. Ta ce wa kwamiti ita akwati ɗaya ta tsallake a kwana uku, da ido rabi. Shi batu guda ya tsallake a minti biyu, da ido biyu da tabarau. Ta ce a mayar mata da rumfar ubanta.

Na ɗauka an gama. Sai Renata ta miƙe, tana murza hular saƙa a hannu. Ta ce ita ba ta da faɗa da idon kowa, amma shekara shida tana jira, ta cike fom daidai, an ba ta rumfa a rubuce. Ta kuma tuna wa zaman cewa shekara goma da suka wuce wani tsoho mai masara ya makara da kwana biyu don yana kwance a asibiti, aka karɓe masa rumfa, kuma wadda ta fi kowa ɗaga murya cewa doka doka ce tana nan tsaye da kwali a hannu. Gaskiya ne, ina wurin. Marlys ta ce masarar mutumin duk tsutsa ce. Wannan amsar ba ta taimake ta ba.

Aka ɗaga hannu, huɗu da uku. Rumfa ta ɗaya ta zauna a hannun Renata. Dwight, da ya ga ya tsira, ya gyara wuyan riga ya ce tambarin ba zai motsa ba don ya yi wa mai shagon taya alkawari, amma ƙofarsa a buɗe take, baɗi Misis Ruona ta zo ya cike mata. Ardis ta ce akwai rumfa ta ashirin da biyu, ta can ƙarshe a bakin ruwa kusa da banɗaki, wadda duk masu jiran suka ƙi. In Marlys tana so, a ba ta. Na matsa nesa da tukunyar kofi, don na san abin da ke tafe. Sai na ji ta ce tana so, ta gode. A mota na tambaye ta ko lafiya, ta ce in kama sitiyari in bar tunani ga waɗanda suka gama makaranta.

Asabar ta farko a Mayu na kai mata kaya rumfa ta ashirin da biyu, har da 'yar gangar banda ta Arvid da take hurawa a bayan rumfa don kifin ya fito da ɗuminsa. Ta jera itace, ta kunna, ta zauna ta harɗe hannu.

A garin nan duk safiyar bazara iska daga tafki take tasowa ta nufi titi. Ashe Arvid ba don bakin ƙofa ya zaɓi rumfa ta ɗaya ba. Don ita ce a wutsiyar iska, hayaƙinsa ya bi ta kan motoci ya wuce ba tare da ya taɓa kayan kowa ba. Waɗanda suka san haka yawancinsu suna maƙabarta. Ardis ta tuna ne da ƙarfe goma, tana tari a kan ƙwanta. Daga ashirin da biyu kuwa, hayaƙin nan sai da ya gaisa da rumfa ashirin da ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya fita. Burodi ya zama burodin kifi. Hulunan saƙa suka zama na masunta. Zumar Dwight, wadda ke cikin kwalba a rufe, wani baƙo ya shinshina ya tambaya ko ta soya kifi ce. Wadda ta fi shan wuya Renata ce, don sabulu jan wari yake yi kamar soso. An ce wata mata ta yi wanka da shi, kuliyoyin unguwa suka raka ta har coci. Marlys ta ce ƙaryata ce. Kuliyoyi biyu ne kawai na ƙara.

Amma kada ka ɗauka daɗi take ji. Baƙi ba sa tafiya har ƙarshen layi, balle su tsaya sayen abinci kusa da banɗaki. Kowace Asabar rabin kifin muke mayarwa gida. Na ci banda har na fara mafarkin ina iyo. Na kuma lura ta daina odar itace, ta koma tsintar rassan da iska ta karya a bayan gida, tana laluba su da ƙafa.

A Asabar ta huɗu Renata da kanta ta taka har ƙarshen layi, idonta jawur da hayaƙi, ta ce ta yarda su yi musaya. Ardis tana bayanta da takarda da biro, ta ce Marlys ta sa hannu kawai, mako mai zuwa ta koma rumfarta. Na fara naɗe shimfiɗar teburi don murna. Marlys ba ta ko kalli takardar ba. Ta ce ai an gaya mata zamanin takarda ya wuce. Ta ce a shafin nan aka karɓe mata rumfa, a shafin za ta karɓo ta, da hannunta, yadda mutum goma sha tara suka yi. Ba da takardar tausayi ba, ba da hannun Dwight ba, ba da wayar ɗan aji tara ba.

"Marlys, kasuwarki ce ke mutuwa," in ji Ardis.

"Na fi ki sanin abin da ke mutuwa," ta ce. Ta sunkuya ta ƙara itace a ganga.

Dwight ya ƙara Asabar biyu yana taurin kai, ya ƙi gyara shafin. Mai burodi ta daina gaishe shi. Mai hulunan saƙa ta aika masa da hula ɗaya kyauta, a cikin leda a ɗaure, don ya buɗe a falonsa. Ya ci gaba da fakewa da mai shagon taya, har Ardis ta tafi shagon da kanta. Mutumin ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce shi bai ma taɓa buɗe shafin ba, a rubuta sunansa sau ɗaya a sama ya wuce da sauran rubutu, ko a goge, duk ɗaya ne, tayoyinsa ba a intanet ake ɗaura su ba. Daga nan Dwight ya rasa mafaka. Ya saki tambarin ya riƙa tafiya da shafi, ya mayar da ɗamarar can ƙarshe, ya cire tumatirin. Matarsa ta ce kwana biyu bai ci abincin rana ba.

Marlys ta ce sai da shaidu. Ran Laraba da la'asar Ardis da Dwight suka zo kicin ɗinta. Ta sa Dwight ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya tsaya da safa a jikin firji, don kujera uku ce a gidan kuma ta ce ɗaya ta Lyle ce. Ta buɗe shafin, manyan haruffanta suka cika gilashi daga sama har ƙasa ba abin da ya hau kansu. Ba ta ɗauko kwalin ƙirga ba. Suna, adireshi, irin kaya, tana dannawa akwatin na fitowa a gabanta. Da ta kai ɗan akwatin nan na ƙarshe ta tsaya, ta kai hanci jikin gilashi, ta karanta shi da ƙarfi kalma-kalma, ta sa alama, ta aika. Na duba agogon murhu, minti goma sha ɗaya.

Dwight ya gyara murya zai yi magana. Ina jin haƙuri zai bayar, ko da yake da shi ba a sani ba, wataƙila bayani ne.

"Takalminka na waje, Mista Pelkey," ta ce, ba ta juyo ba.

Asabar ta ƙarshen Yuni na sauke gangar a bayan rumfa ta ɗaya, bayan mako bakwai na kasuwa sun tafi ba za su dawo ba. Renata ta kwashe sabulunta ta koma ashirin da biyu, kuma har yau in ta gan ni sai ta tsallaka titi. Marlys ta kunna wuta, hayaƙi ya tashi ya bi ta kan motoci. Motar baƙi ta farko ta tsaya, mutum huɗu suka sauko suka nufo ta. Ta gyara ɗaurin riga, ta ce mini ta gefen baki na ajiye gangar a karkace, kuma in matsa daga gaban kifinta, ina tare wa mutane.